Shekarar da Goruba Ya Yi Ƙiba

Bana kaka ta yi kyau. Shinkafa ta cika fadama har ana rasa masu yanka, injinan sussuka suna ruri tun hantsi, ƙaiƙayi yana bin mutum har cikin tuwonsa. Ana cikin wannan hidima jikana Abba ya sauka daga Kano da jaka a kafaɗa, ya ce sun gama wasannin shekara an sallame su hutu.

Wasan da yake yi ragbi ake ce masa. Ya sha nuna mini a waya: ƙarti ne ke rungumar wata ƙwallo mai siffar gwanda suna gudu da ita, wasu ƙartin na bin su suna kayarwa. Na ce masa wannan ai kokawa ce aka ƙara mata gudu. Ya ce a'a, su suna da dokoki. Na ce kokawa ma ba haka kawai ake yin ta ba.

Washegari ya tuɓe riga zai taya a shigo da buhuna, na dube shi da kyau na ce, "Kai angon nawa, wa ya cinye maka kafaɗu? Da za ka tafi ba haka na sallame ka ba. In haka za ka riƙa dawo mini, zan nemi wani mijin."

Ya yi dariya ya zauna a gefen tabarmata. "Hajja, haka wasan yake. Akwai wani inji da muke hawa, ya faɗa maka kitsenka nawa, tsokarka nawa, ruwan jikinka nawa. Farkon shekara muna cike. In wasa ya yi nisa kitse ya zube, mutum ya yi tauri. To wajen ƙarshe, ga karo ga tafiye-tafiye ga rashin hutu, tsokar ma sai ta fara raguwa. Sikeli zai ce nauyinka bai canza sosai ba, amma injin ya san abin da ke ciki ba na da ba ne."

Na ce ya miƙo ƙafarsa. Na danna ƙwaurinsa da babban yatsa, naman ya turo yatsana waje. Na ce ya tashi ya tafi aikinsa, lafiyarsa lau, a dai ƙara masa fura. Da ya tafi na zauna ina ta mamakin wannan inji. Wallahi da muna da irinsa a garin nan wata shekara, da an rage mini kukan da na sha. Ko da yake ban sani ba ko mutanen garinmu za su yarda da shi, don a shekarar abin da suke son gani shi kaɗai suke gani.

Kakan Abba, mijina, ɗan kokawa ne. Haruna sunansa, yanzu da na tsufa shi kuma ya riga mu gidan gaskiya zan iya faɗa. A lokacin Yaya nake ce masa. Makaɗa kuwa Goruba suka sa masa, wai ko ruwa ya ci fadama yana nan tsaye. Tun da ya fara shiga fili, daga nan gefen Kirikasamma har Miga, ba a taɓa kayar da shi ba. Ƙauyenmu ba shi da kasuwa, ba shi da babban malami, ba shi da attajiri. Shi ne abin da muke da shi. In ɗan garinmu ya je baƙon wuri aka tambaye shi daga ina, sai ya ce daga garin su Goruba.

Ɗan kokawa jikinsa bin shekara yake yi. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga noma ga maimai, Yaya bushewa yake yi. Haƙarƙari ya fito, wuya ya yi tsawo, amma in ka taɓa shi kamar ka taɓa ƙotar fartanya. Da an fara gasa tumu sai ya soma dawowa. Sabon gero, ɗanyen wake, tarwaɗa da karfasa daga ruwan da ke janyewa, ga Fulani sun sauko fadama da shanu nono ya wadata. Wuyan ya cike, kambun da ke damtsensa ya matse har sai an kai wa baduku ya ƙara igiya. Sannan a buɗe fili. Kitsen ne ke fara tafiya, na ciki da na kumatu, ya bar tsoka zalla, kuma wannan ne lokacin da ba mai tsayawa a gabansa. In aka doshi bazara, bayan yawon garuruwa da shan karo, tsokar ma sai ta soma zaizayewa, gwiwa ta riƙa ƙara. Sai ya rataye layunsa ya ɗauki gatari ya tafi sharar gona.

Ba wanda ya koya mini wannan. Aikina ne in ya dawo daga fili, ko daga gwaji da samari, in narka man shanu in murza masa baya da cinyoyi da ƙafafu. Kitse laushi gare shi da ɗumi, yana gudu a ƙarƙashin tafin hannu. Tsoka kuwa gardama take yi da kai, ka danna ta turo ka. Ina amarya ina jin kunyar wannan aiki kamar in nutse. Kafin shekara ta zagayo na fi kowa sanin jikin nan, har mai shi.

Akwai kuma al'adar da muka tarar. Da an gama girbi, kafin a buɗe fili, gidajen gari sukan aiko wa ɗan kokawarsu da abinci bi da bi. Kwanon Goruba ake ce masa. Mata har gasa suke yi: wannan dambun shinkafa da man shanu, waccan farfesun tarwaɗa, wata fura mai kauri da ludayi ke tsayawa a ciki. In ya kayar da baƙo kowace sai ta ce tuwonta ne ya yi aiki. Surukata, Iya Gana, ita ke tsara gidan da zai kawo yau da wanda zai kawo gobe, kuma ba ta wasa da wannan sarauta tata.

Sai ga shekarar da kogi bai zo ba.

Ruwan sama ya fara da wuri, muka yi shuka, gero ya fito kore shar, sai sama ta ɗauke. Aka sake shuka, ta sake ɗaukewa. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya a guje, sai iska ta taso ta watsa shi ta bar mu da zafi mai kama maƙogwaro. Mu mutanen fadama ba mu cika tsorata da wannan ba, don muna da gona ta biyu. Ko tudu ya ƙi, kogi zai taso a ƙarshen damina ya malale fadama ya ba mu shinkafa da kifi. Aka watsa irin shinkafa a busasshiyar ƙasa ana jira. Maza suna zuwa bakin kogi safe da yamma suna kafa kara don su ga ko ruwa ya motsa. Bai motsa ba. Tsuntsaye suka tsince irin, ƙasa ta tsattsage har ƙafar yaro tana faɗawa. Tafkunan da suka rage suka ƙafe, kifi ya mutu a laka, garin ya yi kwanaki yana wari, sannan warin ma ya ƙare. Fulani ko sauka ba su yi ba, suka wuce kudu da shanunsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun. Garin da tun asuba kake jin taɓare suna amsa wa juna, sai ga gari ya waye ba daka. Da safe kunun dusa ne da kanwa, tsararo, kana hangen gindin ƙwarya. Da rana a gwigwiyi goruba a kora da ruwa. Da yamma mu mata mu dawo daga jeji da tafasa da yaɗiya, ko saiwar bado da muka tono a busasshen tafki, a dafa, a barbaɗa garin kwaki in an samu, a zuba gishiri da barkono da yawa don baki ya yarda an ci wani abu. Ina goye da ɗanmu na fari, uban Abba, yana tsotsa yana kallona, ni kuwa na san ba ya ƙoshi.

Yawancin maza suka tafi ci-rani. Yaya ya ƙi, ya ce ba zai bar tsohuwa da mai goyo ba. Ya haƙa rijiya a cikin yashin kogi ya kafa jigo, yana yi wa ɗan filin masara ban-ruwa. A nan zazzaɓi ya kama shi, ya kwantar da shi, ya sake shi, ya sake kwantar da shi, har lokacin da a ce shekarar arziki ce da an gama girbi. Ya tashi cikin idonsa fari fat, tafin hannunsa ma haka.

Bulama, mai garinmu, ya riga ya ce bana ba kokawa. Sai ga aike daga wani ƙauye na wajen Kaugama. Shekara guda kafin nan Yaya ya je can ya kayar da gwaninsu, kuma a al'ada waɗanda aka je wa gida suna da haƙƙin rama ziyara. Yanzu sun sami sabon gwani, wani Sani Dogo, ƙanen wanda aka kayar, suna son kawo shi. Su ruwa ya ɗan yi musu adalci, sun girbi abin da suka girba. Dattawa suka ce a ba su haƙuri sai baɗi. Samari suka ce in aka ba da haƙuri za a ce garin su Goruba ya ji tsoro. Aka yi ta ja-in-ja a ƙofar Bulama, a ƙarshe aka aiko aka tambayi Yaya. Ya ce su zo. Ina bayan zana na ji, na so in fito in toshe masa baki.

Iya Gana ta yafa mayafi ta zaga gari gida-gida, kwano ya dawo. Allah Ya saka wa matan garin nan da alheri. Ni ke buɗe kwanukan, na san abin da ke ciki: kwaɗon tafasa ba ƙuli, garin kwaki da aka jiƙa ya kumbura, kunun da aka ɗan rage wa ruwa. Ba kifi, ba nono, ba wake. Amma kowane kwano daga bakin 'ya'yan wata aka ciro shi. Yaya yakan daɗe yana kallonsa kafin ya sa hannu, kuma ba ya rage ko loma, ya ce in ya rage ya raina su.

Sai ya fara cika. Ƙafafu suka fara, takalmi ya ƙi shiga. Sai ƙwauri, sai cinyoyi, sai ciki. Da safe fuskarsa ta yi fam, kumatu sun tashi, fata tana sheƙi. In ya fito cikin taguwarsa zai tafi masallaci mutane su tsaya suna kallo. Garin da aka yi watanni ba a ga mai ƙiba ba! Tsofaffi suna ta hamdala, makaɗa suka fito da ganguna suna ɗaure fata. Wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan zana ta ce, "Fanna, kin ga aikin kwanona? Mijin naki har ya fi na bara." Na ga mutanen da ba su yi dariya ba tun damina suna dariya. Ni ma na yi murna da farko.

Ran nan da yamma ina murza masa ƙafa da ɗan man gyaɗa, don man shanu ya ƙare tuntuni. Jikin sanyi ƙalau, ba ɗumin kitse, ba gardamar tsoka. Na danna ƙwaurinsa da babban yatsa. Yatsan ya shige kamar cikin curin fura, na ɗaga, ramin ya tsaya. Na zuba masa ido ina jira ya cike, ya ƙi. Na danna a sama, wani ramin. Na ɗaga hannun rigarsa. Damtsen da da nake kasa zagayewa da hannu biyu ya koma kara, ya naɗa tsumma a ƙarƙashin kambun don kada ya zame.

"Yaya," na ce, "wannan ba ƙiba ba ce."

"Na sani."

"Ruwa ne."

"Na ce na sani, Fanna. Ni nake ɗauke da shi." Ya ja rigarsa ya rufe. "In na jawo guga sai na zauna na nemi numfashi. Kina tsammani ban sani ba?"

"To ka aika a ce ba ka da lafiya."

"In ce wa wa? In ce wa matan da suka hana 'ya'yansu suka aiko mini? Na cinye musu abinci, Fanna. Ba abin da ya rage wa garin nan sai wannan rana ɗaya."

Na ce in Dogo ya nana shi da ƙasa a haka ba zai tashi ba. Ya ce rai a hannun Allah yake. Na yi kuka har ɗan da ke bayana ya taya ni, bai canza magana ba.

A wurinmu matar ɗa ba ta buɗe baki ta yi wa surukarta maganar jikin mijinta. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ƙafarsa. Washegari da azahar yana barci a inuwar ɗaki, na je na durƙusa gaban Iya Gana. Sai kawai na kama hannunta, abin da ban taɓa yi ba, na jawo ta.

"Ke 'yar nan, lafiya?"

Na kai ta inda yake kwance, na ɗora yatsanta a ƙafarsa na danna. Ta ɗaga. Ta daɗe tana kallon ramin. Ta taɓa ganin irinsa tana yarinya, a wata yunwar, a ƙafar ƙanenta, kuma ta san inda ya ƙare. Muka koma ɗakinta ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ni na zaga gari," ta ce. "Ni na roƙo kwanon nan da bakina."

"Iya, in kika hana shi zai hanu."

"Zai hanu. Amma daga ranar ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba. Na san abin da na haifa, 'yar nan. Wannan ma kashe shi zai yi, sai dai a hankali."

Da ya farka ta kira shi. Ina jin su ta bango. Ba ta hana shi ba, ta dai tambaye shi ko zai iya. Ya ce, "Iya, ki yi mini addu'a." Ta yi masa. Na daɗe ina jin haushinta a kan wannan, sai da nawa 'ya'yan suka girma suka fara yi mini taurin kai sannan haushin ya huce.

Ranar ta zo. Baƙi suka sauka da motarsu da makaɗansu. Bayan la'asar Yaya ya fito da layu da kambuna duk wanda ya mallaka, har na mahaifinsa, ya ce in jera masa su daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Na ɗaura su da hannuna, suka rufe ramar. Da ya miƙe sai ga ƙato, wanda bai sani ba zai rantse bai taɓa cika haka ba. Ya shafa kan ɗansa, ya ce mini in ɗora ruwan zafi, ya fita yana taka ƙasa a hankali.

Matan aure ba sa zuwa fili, da kunne muke kallo. Yara ne ke farawa, sannan samari, kuma duk kaye da ihunsa. In namu ya kayar ihun ya cika gari har da guɗa, in baƙo ne ka ji shi siriri daga gefe ɗaya. Muna zaune ni da Iya Gana a tsakar gida, ita da carbi ni da goyo, har ganga ta juya ta ɗauki taken Goruba.

Kokawar manya ba ta daɗewa. A zaga juna, a kama, wani ya tafi. Wannan kuwa ta ƙi ƙarewa. Ganga tana ta bugawa, ba ihu. Ruwan da na ɗora ya tafasa ya ƙone, na ƙara wani. Inuwar ɗaki ta tsallake tsakar gida ta hau zana. Kana jin hannun makaɗa ya gaji, kiɗan ya yi nauyi, amma ba ihu. Iya Gana ta daina jan carbi ta riƙe shi kawai. Rana ta yi ja ta soma nutsewa, sai gangar ta tsaya ɗif.

A wannan shirun na gama zama bazawara a zuciyata. Na ma soma tunanin yadda zan gaya wa yaron nan wane ne ubansa.

Sai hayaniya ta ɓarke, tana tahowa wajen gidanmu. Samari ne suna tsalle suna ihu, "Canjaras! Canjaras! Dogo ya kasa!" Wai an yi ta riƙo har rana ta faɗi, sarkin fili ya shiga ya raba, bayan Goruba bai taɓa ƙasa ba. Na leƙa ta kafar zana. Ga Yaya tafe da ƙafarsa, hannunsa a wuyan wani dogon mutum baƙi, shi kuma ya zagaye ƙugunsa da hannu, kamar aminan da suka dawo daga kasuwa. A ƙofar zaure dogon ya juya ya ce wa jama'a su dakata, za su gaisa da tsohuwa. Ya tsaya yana jiran izini. Iya Gana ta ce, "Shigo, kai ɗa ne."

Suna ɓace wa idon mutane ƙafafun Yaya suka naɗe. Dogo ya kwantar da shi a tabarma a hankali, ya miƙe yana dafe da bayansa, ya ce a ba shi ruwa. Na tsaya ina kallon Iya, don ɗan kokawa ba ya ci ba ya sha a gidan abokin karawarsa, tsoron sammu. Ta ce in ba shi. Ya shanye ƙwaryar tas, sannan ya tsuguna a gabanta ya yi ƙasa da murya.

"Iya, na zo ne in rama wa yayana, da niyyata na zo, ba zan ɓoye miki ba. Da na kama cinyarsa na saki, sai na ga shatin yatsuna sun zauna a ciki. Mahaifina da irin wannan ya tafi. Na rungume shi na ji ƙirjinsa yana bugawa kamar na tsuntsu, ƙafafunsa suna rawa. In na sake shi da kansa zai faɗi. Sai na riƙe."

"Har faɗuwar rana?" in ji Iya.

"Akwai nauyi kuwa, Iya. Bayana ya gaya mini."

Daga kan tabarma Yaya ya ce, da ƙyar muryar ke fita, "Na ce masa ya kayar da ni kowa ya huta. Ya ce in rufe masa baki, sarkin fili yana kallo."

"Mutanenmu suna can suna zagina," Dogo ya ce. "Ba komai, zan kayar da wani in ba su haƙuri. Amma ku kai shi asibiti gobe, kada ku jira jibi. Motarmu ta Hadejia za ta bi."

Iya Gana ta ɗora hannu a kansa ta yi ta sa masa albarka. Ni kuwa ban taɓa jin ƙaunar wani baƙo kamar yadda na ji ta mutumin nan a wannan magariba ba, kuma daga washegari ban ƙara ganinsa ba.

Aka ce wa gari targaɗe ya yi za a kai shi a duba. A asibiti malamin da ya karɓe mu ya danna daidai inda na danna, ya ɗaga fatar idonsa ya duba, ya ce yunwa da zazzaɓi sun cinye masa jini, zuciyar ta gaji. Aka ba shi gado. Allura, ƙwayoyi, madara, ƙwai. Ruwan ya riƙa fita ta fitsari ba dare ba rana, kullum ka zo ka tarar an rage maka mutum. Da aka sallame mu muka sauka gidan kawuna a cikin gari, matarsa tana nemo masa wake da hanta, Allah Ya jiƙanta.

Ya warke. Da shekara ta zagayo kogi ya zo, Yaya ya cika da nama na gaskiya mai gardama da yatsa. Amma bai ƙara shiga fili ba, ya ce gwiwa ce, aka yarda. Kwano ya koma gidan wani saurayi. Ya rayu har gemunsa ya yi fari yana koya wa yara kamu, ya tafi da sunansa cewa ba a taɓa kayar da shi ba. Duk wannan na gode wa Allah a kansa. Amma in na tuna shekarar, ba filin nake fara tunawa ba, wata safiya ce a gidan kawu.

Sanyi ake yi sosai. Ruwan ya gama fita, abin da ya rage a kan tabarma fata ne da ƙashi da manyan idanu. Ya ce yana son ya sha hantsi. Ya dafa ƙasa zai tashi, gwiwoyin suka ƙi. Kawu ya tafi kasuwa, ba namiji a gidan. Na kwance goyo na ajiye, na sa hannu ɗaya a bayansa ɗaya a ƙarƙashin cinyoyinsa, da nufin in ɗan tallafa masa kawai. Sai ya taso gaba ɗaya. Bai kai nauyin tulun da nake ɗaukowa daga kogi ba. Hawaye suka zubo mini, ba hannun sharewa.

Ya leƙa ƙasa, ya dube ni, sai na ji kafaɗunsa suna motsi a ƙirjina. Dariya yake yi.

"Fanna, kin san abin da kika yi kuwa? Ƙafafuna duka ba sa ƙasa. Ba ɗan kokawar da ya taɓa ɗaga ni haka."

"Yi shiru, Yaya."

"Sauke ni a hankali," ya ce, "kada makaɗa su ji."

Ban sauke shi ba sai da na kai shi inda rana take.